Kaskon da Na Kai wa Kyaftin

Tun shekaranjiya wayoyinmu suke ƙara a gidan nan, wai ruwan ƙanƙara na tafe. Ummi, 'yata da ke jami'a, ta shigo da leda biyu cike, na ɗauka burodi da madara ta sayo mana kamar yadda kowa yake yi a nan Greensboro ta Amurka da zarar an ce gari zai ɓaci. Ashe duk kayan kyanwarta ne, har da wata 'yar rigar ulu mai ƙafa huɗu. Na ce, "Ummi, kyanwar da Allah ya halitta da bargonta a jiki, ita za ki sa wa suwaita?" Ta ba ni amsa da Turanci kamar kullum, wai in wuta ta ɗauke fa? Daga nan ta bi ɗakuna tana canja batirin na'urar nan ta bango mai ihu in iska ta gurɓace, tana jan kunne kada wanda ya kuskura ya shigo da garwashi cikin gida. Ni fa take yi wa wannan karatu. Na ci gaba da yanka albasata, don abin da take faɗa na riga ta saninsa tun kafin a haife ta.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Ina amarya, wata bakwai da zuwana daga Zariya, maigidana Malam Nuhu yana karatunsa na digiri na uku. Muna haya a unguwar Glenwood, a wani tsohon gidan katako da aka raba biyu, mu a ɓangare ɗaya, mai gidan a ɗaya. Tsohuwa ce baƙar fata, ta doshi tamanin, mijinta Walter ya rasu shekara uku kafin zuwanmu, 'yarta guda kuma tana can wata jiha mai nisa. Ta ce in riƙa kiran ta Doris kawai, bakina ya ƙi. Ta yaya zan kama sunan sa'ar kakata gatsal? Na laƙaba mata Mama Doris, ta yi ta mita, daga baya ta saba.

Satina na farko na ji namiji yana tari ta bango, yana kiran "Doris! Doris!" da wata murya mai kauri. Na ce wa Malam, "Ba ka ce mijinta ya mutu ba? To wane ne wannan?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. Aku ne, Kyaftin sunansa, mai ruwan toka da jar wutsiya, irin waɗanda nake gani a keji a kasuwar Sabon Gari. Ya yi kusan shekara talatin a gidan, ya kwashe muryar marigayin kaf: tarinsa, dariyarsa, da yadda yake tambaya ko kofi ya yi. Ranar da na fara miƙa masa gyaɗa na ce masa sannu ɗan ƙasarmu, shi kuwa ya bar gyaɗar ya kama yatsana har sai da ya fitar da jini. Tun daga ranar muke gaisawa daga nesa.

A farkon sanyin shekarar Mama Doris ta zame a matakala ta karya ƙashin ƙugu. Aka yi mata aiki, aka ce sai ta yi makonni a gidan jinya. Muka je gaishe ta, ta ba ni takarda shafi biyu da ta rubuta a kwance: abin da zai ci, abin da ba zai ci ba, lokacin da za a rufe kejinsa da bargo. Layi ɗaya ta ja wa ƙasa sau biyu, cewa kada iska mai sanyi ta buge shi. Ba ta rubuta komai game da gawayi ba, don ko a mafarki ba ta kawo akwai mai shiga da shi ɗaki ba. Sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Zulai, hotunan Walter suna nan cike da akwati, amma hoto ba ya kira na. Tsuntsun nan kaɗai ya rage mai kira na da muryarsa."

Na ce mata amana ce, in sha Allahu yadda ta bar shi haka za ta same shi. Muka ɗauko kejin muka kawo falonmu. Kullum bayan la'asar sai ta bugo waya, irin tarhon nan na gida mai igiya, in kai kan wayar kusa da keji, ta ce masa wani abu, shi kuma ya yi tari ya ce, "Doris!" Ina jin dariyarta daga inda nake tsaye.

Ana cikin haka ruwan ya zo. Ni da aka ce mini ƙanƙara, fari nake jira irin na hoton kalanda. Wannan ruwa ne zalla, sai dai duk abin da ya taɓa nan take yake daskarewa. Da gari ya waye kowane reshe, kowace wayar lantarki, har igiyar shanyata, sun yi kauri suna walƙiya kamar an zuba musu narkakken sukari. Na tsaya a taga ina cewa tabarakallah, sai na ji ƙara kamar harbi. Reshen wata babbar bishiya ne ya tsage ya faɗo a titi. Kafin hantsi ƙarar ta zama ta ko'ina, kusa da nesa, sannan firji ya yi shiru.

Dariya na yi. Mu da muka tashi da ɗauke wuta, shi ne za a tsorata mu da duhu? Ban yi awa biyu ba dariyar ta ƙare. A gida in an ɗauke wuta fanka kawai ke tsayawa. A nan murhu na lantarki ne, hitar ɗumama ɗaki ta lantarki, ruwan zafi na lantarki. Sanyi ya fara shigowa ta ƙasa, ya kama ƙafa, ya hau gwiwa. Kafin azahar muna ganin numfashinmu a cikin falo. Na sa zani biyu, da wandon Malam a ciki, da safa uku, na ɗora hijabi a kan hular ulu. Alwala kuwa ta zama jarrabawa, in ka wanke hannu sai ka tsaya ka yi shawara da zuciyarka kafin ka kai fuska.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne kaskona. Inna ce ta sa mini shi a kayan aure, ɗan ƙaramin kasko na ƙarfe don turaren wuta, na kuma yi rigima da Malam a filin jirgi sai da aka taho da shi. Akwai ragowar gawayin gashin nama da muka saya da rani, irin dunƙulallen nan na kanti mai warin kalanzir. Malam ya ce, "A baranda za ki hura, kada ki shiga da shi ciki." Na ce to. A raina na ɗauka kafet ɗin mutane yake ji, kada garwashi ya ƙona.

A barandar nan na dafa shayi, na dafa taliya da manja da yaji. Maƙwabta suka hango hayaƙi suka fara zuwa da kofuna da tukwane, wannan ya kawo ƙwai, waccan ta kawo gwangwanin wake, ni kuma ina ta fifita kamar mai kosai a bakin tasha. Maza suka haɗu suka ja rassan da suka tare ƙofofi. Naman da ke firji muka fito da shi waje, tunda wajen ya fi firjin sanyi. Da gawayi ya fara ja baya muka koma cin gari da sukari da gyaɗa, da ɗan kilishin da nake ɓoyo tun zuwana. Yunwar sanyi daban take, kana gama ci cikinka zai tambaye ka yaushe za a ci.

Kyaftin dai na lulluɓe kejinsa da bargo biyu. Ranar farko ya yi surutunsa, da Mama Doris ta bugo ma ya kira ta, na ce mata kada ta damu. Washegari da safe na ɗaga bargon na tarar ya kumbura gashinsa ya zama dunƙule guda, ya ɗage ƙafa ɗaya ya cusa a ciki, abincinsa yana nan yadda na zuba. Ko hararata bai yi ba, shi da ba ya gani na ya ƙyale. Gabana ya faɗi. Malam ya ce bari ya taka zuwa wajen jami'a ko zai sami kantin da ya buɗe, ya sayo kyandir da burodi, ya kuma tambayi yadda ake yi da tsuntsu. Ya fita yana tafiya kamar mai koyon tatata, ya bar ni da aku.

Na zauna ina kallon sa, sai Inna ta faɗo mini. In kaza ta ƙyanƙyashe da sanyi, Inna takan kwashe 'yan tsakin ta kai ɗakinta, ta ajiye kasko a gefe, su kwana suna ɗumi. Haka ake yi wa mai jego, haka ake yi wa tsofaffi, haka aka yi mana muna yara. Doka ɗaya ce, kuma na haddace ta: a bar gawayi a waje sai hayaƙinsa ya ƙare, ya zama jan garwashi, sannan a shiga da shi. Na ce to ai shi ke nan. Tsuntsun nan ɗan ƙasar zafi ne kamar ni, abin da jikina yake nema shi nasa yake nema. Har wani daɗi na ji, ga abin da na sani wanda mutanen garin nan da duk iliminsu ba su sani ba.

Na hura ragowar gawayin a baranda, na jira ya yi jawur ba ɗigon hayaƙi. Na kai kejin ɗan ɗakin da Malam yake karatu, shi ne mafi ƙanƙanta a gidan. Na tuna layin da Mama Doris ta ja wa ƙasa sau biyu, na ɗauko zannuwana na toshe ƙasan ƙofa da gefen taga, ban bar ko kafar allura ba. Na ɗora kaskon a kan faranti saboda kafet ɗin Malam. Da warin kalanzir ya dame ni na barbaɗa ɗan turaren wuta, ɗaki ya ɗauki ƙamshi kamar na amarya. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne ɗakin Inna ƙofarsa labule ce, tagarsa ba gilashi, iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama.

Wallahi ɗumin ya yi daɗi. Yatsun ƙafata suka dawo, na jingina da bango ina ce masa, "Ka gani ko, Kyaftin? Ka rantse ba ka gode ba." Ya sauke ƙafarsa, na ce alhamdu lillahi. Can na ji kaina ya yi nauyi, goshina yana sarawa, barci yana ja na da rana tsaka. Na ce gajiya ce. Ina lumshe ido ina buɗewa na ga ya buɗe baki yana haki, wutsiyarsa tana sama tana ƙasa. Ya yi tangaɗi a kan sandarsa, sai ji na yi tim, ya faɗo ƙasan keji fukafukai a baje.

Kunya ba za ta hana ni faɗin gaskiya ba: abin da ya fara zo mini shi ne sanyi ne ya kayar da shi, har na miƙa hannu zan matso da kaskon. Allah ne ya sa tsoro ya fi ƙarfina, na ce bari in tambayi wani tukuna. Na miƙe, na ja ƙofa na fita falo na buga wa Anti Hajara. 'Yar Maraɗi ce, nas ce a wani asibiti a garin, ita ce uwarmu duk matan da muka zo sababbi.

Na ce, "Anti, akun nan ya faɗi! Na kunna masa wuta amma sanyi bai sake shi ba."

Ta ce, "Wace wuta? An maido muku kuran, wutar lantarki?"

"A'a, kasko na kai masa ɗaki. Babu hayaƙi fa, sai da ya zama garwashi."

Ban taɓa jin Anti Hajara ta ɗaga murya ba sai ranar. "Zulai! Aje wayar ga, hid da kaskon waje yanzu! Buɗe ƙohohi duka, ki ɗauko tsuntsun ki hita. Wanda ba shi da hayaƙin shi ka kashewa. Kanki na ciwo?"

"Yana yi."

"Tahi, ina nan bisa layi!"

Na saki wayar tana lilo. Na ɗauki kaskon da faranti na watsa shi kan ƙanƙarar tsakar gida, ya yi cuu. Na buɗe ƙofar gaba da ta baya, iskar da na yini ina toshewa ta shigo ta ratsa gidan. Na zura hannu cikin keji na ɗauko shi. Tsuntsun da ba ya bari in matso kusa da shi, ga shi a tafin hannuna, wuya a sake, ido rabi a rufe, ba nauyin komai. Na rasa inda zan sa shi, ga sanyi a waje ga guba a ciki. Sai na ɗaga hijabi da rigunan da na jibga, na kwantar da shi a ƙirjina, na bar kansa a waje ta wuyan riga don ya sha iska. Na tsaya a baranda ina karkarwa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Ina jin bugun zuciyarsa a fatata, da sauri da sauri, ƙanana. Ba mutuwar tsuntsu kawai nake gani ba, wayar bayan la'asar nake gani, da abin da zan ce wa tsohuwar da ke kwance tana jira mijinta ya kira ta. Can na ji farcensa ya motsa ya kama rigata ta ciki. Ya ɗaga kai, ya juya ido ɗaya ya dube ni, ya kai baki ya cafki haɓata. Ban taɓa murnar cizo ba sai ranar. Na fashe da kuka ina cewa ƙara, don Allah ƙara.

A haka Malam ya dawo ya same ni, ƙofofi a buɗe, jini a haɓa, aku a wuyan riga. Ya dubi baƙin tabon da garwashi ya yi a ƙanƙara, ya leƙa ɗakin karatunsa ya ga zannuwa a ƙasan ƙofa. Ledar hannunsa ta faɗi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a matakala ya ce, "Zulai, da bai riga ki faɗuwa ba, ke zan dawo in tarar." Sai a lokacin na gane kafet ba ta cikin lissafinsa.

Anti Hajara ce ta koya mana abin da ya kamata tun farko, ga shi ba wuya. A tafasa ruwa a waje, a ɗura a robobi, a sa su cikin safa, a jera kewaye da keji, a rufa bargo a bar gefe ɗaya a buɗe. Maƙwabcinmu ya ba mu ɗan murhun gas na zuwa daji, muka riƙa canja ruwan a baranda. Washegari da hanya ta ɗan buɗe mijin Anti ya zo da mota ya kwashe mu zuwa gidansu, inda wuta ba ta ɗauke ba. Ita ta duba ni, Kyaftin kuma muka kai shi wurin likitan dabbobi. Likitan ya ce huhun tsuntsu ba kamar namu ba ne, ko turare kaɗai yana iya kayar da shi, balle garwashi. Ya ba da magani, ya ce a ba shi ɗumi da hutu, sauran sai abin da aka gani.

Kyaftin ya rayu. Ya koma cin abinci, ya koma hararata. Amma ya daina magana. Ba tari, ba dariya, ba "Doris". Ranar da abin ya faru, da Mama Doris ta bugo na ce mata yana barci. Washegari na ce mata muna hanya. Malam ya ce a bari ta ƙara samun ƙarfi kafin a gaya mata, ni kuwa na kasa ci gaba da ƙaryar. Rana ta uku na buga gidan jinya na bar mata lambar gidan Anti, ta bugo, na zayyana mata komai, tun daga 'yan tsakin Inna har turaren da na barbaɗa.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ke fa? Likita ya duba ki?" Na ce an duba. Ta ce to madalla. Daga ranar ta ci gaba da bugowa bayan la'asar, ta tambayi lafiyata, ta tambayi ko ya ci abinci, amma ba ta sake cewa in kai wayar kusa da keji ba. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Aka dawo da wuta, muka koma Glenwood, ƙanƙara ta narke ta bar rassa jibge a bakin titi. Ni kuma kullum ina gaban keji, ina yi masa tari irin na marigayin, ina kiran Doris da muryar maza, yana kallo na kamar na zautu.

Kwana goma sha ɗaya yana bebe aka sallamo Mama Doris. 'Yarta ta kawo ta, muka mayar da kejin falonta tun da safe, na share, na goge, na tsaya a bakin ƙofa ina ji kamar ranar da za a karanta sakamakon jarrabawa. Ta shigo a hankali da sandar nan mai ƙafa huɗu, ta rame, gashinta ya ƙara fari. Ta taɓa kafaɗata ta wuce, ba ta zauna ba sai da ta kai gaban keji. Ta tsaya tana kallon sa. Shi ma ya karkata kai yana kallon ta, ya taka zuwa wannan gefen sanda, ya dawo wancan.

Sai ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki, muryar dattijon nan ta fito a dushe, da wata magana da ban taɓa ji ya yi ba duk zamansa a wurina. Da Turancinsu ya faɗa, cikin faɗa-faɗa irin na miji da ya gaji da jira.

"Ina kika shiga ne, yarinya?"

Na sulale na zauna a ƙasa nan bakin ƙofa. 'Yarta ta toshe baki da hannu. Mama Doris kuwa ta saki sandar da hannu ɗaya, ta share ido da bayan hannun, ta ce masa, "Asibiti, tsoho. Ga ni na dawo."